Rasuwar Mushe Yusha'u, Daraktan Gawo-Biyu, da Gaskiyar Abin da Ya Faru a Bakin Burtali

Cikin alhini mai nauyi, tare da miƙa wuya ga hukuncin Allah Maɗaukakin Sarki, Ƙungiyar Zumuncin Daraktocin Makarantun Firamare ta gundumomin Tasawa da Mayahi ta samu labarin rasuwar ɗaya daga cikin dattawanta, mataimakin shugabanta kuma daraktan makarantar ƙauyen Gawo-Biyu da ke kwamin ɗin Attantane, wato ƙaramar hukumar wurin, Malam Yusha'u Ƙadri Maijirgi, wanda yara da manya suka fi sani da Mushe Yusha'u, kamar yadda ake kiran malamin boko da kalmar Faransanci. Allah Ya karɓi ransa da hantsin Juma'ar da ta gabata a likitar Mayahi, wato asibitin garin, sakamakon faɗuwar da ya yi daga kan moto, wato babur, da yammacin Alhamis, yana hanyar komawa bakin aikinsa, an kuma yi masa sutura bayan sallar Juma'a a maƙabartar Gawo-Biyu, garin da ya ba ƙarfinsa da ƙuruciyarsa. Inna lillahi wa inna ilaihi raji'un.

Da sunan shugaban ƙungiya, da dattawan kwamitin zartarwa, da ɗaukacin daraktoci maza da mata na waɗannan gundumomi biyu, muna miƙa ta'aziyyarmu ga maiɗakin marigayi, Malama Zara'u, da 'ya'yansa, da 'yan'uwansa na Maijirgi. Ga Mai Girma Maigarin Gawo-Biyu da dattawan fadarsa. Ga Mai Girma Arɗo Sha'ibu, shugaban rugar da ke arewa da garin, da jama'arsa. Ga Mai Girma ansifekta mai duba makarantun yankin. Ga malaman da suka yi aiki ƙarƙashinsa, da kuma ɗaliban da suka wayi gari babu wanda ya saba tarbar su a bakin ƙofa yana kiran kowa da sunansa.

Bisa al'ada, saƙo irin wannan ba ya wuce 'yan layuka na yabo da addu'a. Wannan karon kwamitin zartarwa ya umarce ni da in tsawaita, domin tun kafin a ɗauki gawar marigayi wata magana ta riga ta bazu a kan yadda ya rasu, maganar kuwa ta riga ta ci bukkoki, kuma idan ba a tare ta ba muna tsoron ta ci rai. Saboda haka za mu faɗi ko wane ne Mushe Yusha'u, sannan mu faɗi abin da ya same shi kamar yadda muka gani, muka kuma ji daga bakinsa.

An haifi marigayi a Maijirgi, a gidan manoman gyaɗa, ya yi lakwal, wato makarantar boko, a garinsu, ya wuce kolej a Tasawa, daga nan ya shiga makarantar horon malamai. Aikinsa na farko a wani ƙauye ne na kwamin ɗin Sarkin Hausa, a rumfar zana wadda akuyoyi ke cin bangonta, inda yara ke zaune a ƙasa suna rubutu a kan gwiwa. Waɗanda suka zauna da shi a wancan zamani suna tuna shi da abu ɗaya: ba a taɓa kawo masa matsala ya fara da neman mai laifi ba. Iska ta taɓa yaye rufin aji ana gobe jarrabawa, malamai suka tsaya cirko-cirko, shi kuwa ya dubi sama ya ce, "Ba ta ɓaci ba tukuna, ga inuwar gawo can," ya sa aka kwashi tabarmi, aka yi jarrabawar a gindin itace. Wannan kalma ta bi shi har ta zama laƙabinsa a tsakaninmu, idan muna taro ya makara sai a ce a jira Ba-ta-ɓaci-ba.

Sai dai aikin da ya sa sunansa ya wuce iyakar kwamin ɗinsa shi ne wanda ya yi a Gawo-Biyu. An tura shi can a shekarar da ta biyo bayan rikicin burtali, lokacin da manoman garin da makiyayan ruga suka yi faɗa a kan hanyar shanu har aka ji wa mutane ciwo. Ya tarar da rijiya ɗaya ana shan ta a lokuta biyu don kada a haɗu, matan ruga sun daina kawo nono cikin gari, Arɗo kuma ya janye duk 'ya'yan jama'arsa daga lakwal. Daraktan da ya gabace shi ya nemi canji ya tafi. Babu wanda ya ɗora wa Mushe Yusha'u nauyin sasanta kowa. Takardar da aka ba shi ta koyarwa ce. Amma duk yammacin da aka tashi yara sai ya ɗauki hanyar ruga a ƙasa, ya zauna bakin garke, a ba shi fura ya sha, a ƙi kula shi ya dawo washegari. Ya shiga koyon Fulatanci da ƙarfin hali, yana gaida tsofaffi da gaisuwar safe da la'asar sakaliya, mata na rufe baki suna dariya, shi ma yana taya su.

Arɗo Sha'ibu da bakinsa ya ba mu labarin ranar da ya sassauta. Ya ce ya dubi baƙon malamin ya tambaye shi, "Mushe, in na ba ka ɗiyana, ran da aka kira su ɓarayin gero cikin aji, wa zai tsaya masu?" Marigayi ya amsa, "Ni zan tsaya, Arɗo. Ran da na kasa, ka zo ka kwashe abinka, ni ma in ɗauki jakata in bi ku." Da wannan alkawari aka ba shi yara kaɗan na gwaji. Ya matsar da lokacin shiga aji na safe domin waɗanda ke raka maruƙa su iso ba a rufe ƙofa ba, ya kuma hana a ware masu benci. Ranar da abin da Arɗo ya ji tsoro ya faru, wani yaron gari ya jefi wata yarinyar ruga da waccan kalma har suka yi kokawa, marigayi bai ɗauki bulala ba. Ya zaunar da su benci ɗaya, ya ba su littafi ɗaya su biyu, ya ce duk wanda ya kasa karatun gobe abokin zamansa za a tambaya dalili. Da yamma ya taka gidan uban yaron, ya taka ruga, ya gaya wa kowane ɓangare abin da ya faru kafin su ji a bakin wani. Yarinyar nan yanzu tana karatun aikin jinya a Maraɗi. Kafin ajali ya riske shi, kusan kowane aji na makarantar akwai 'ya'yan ruga a cikinsa, kwamitin iyaye kuma mutanen ɓangarorin biyu ne ke zaune a kan tabarma ɗaya.

Yadda ya riƙe malamansa ma abin koyi ne, kuma akwai wanda ya roƙe mu mu ambaci labarinsa ba tare da sunansa ba. Yana sabon malamin kwantaragi, an jefo shi ƙauyen da bai san kowa ba, rai a ɓace, ya doki wani yaro har hannu ya kumbura. Uban yaron ya taso daga gona da adda a hannu, jama'a na biye da shi. Mushe Yusha'u ya tsaya a ƙofar ajin, ya ce masa, "Malam, ni ne darakta, laifin lakwal laifina ne. In duka ne fara da ni, amma bari in kai yaron likita tukuna." Ya goya yaron a moto ya kai shi, ya dawo ya sa malamin a gaba har zauren uban, ya tsaya a kansa har ya nemi gafara da bakinsa. Bai ɓoye wa ansifekta abin da ya faru ba, sai dai ya roƙi a bar masa malamin ya gyara. Daga ranar tuwon gidansa ya zama tuwon wannan saurayi, kuma har ƙarshen shekara yakan shiga ajinsa ya zauna a bencin baya kamar ɗalibi, in an tashi su tattauna. Wannan malami yau darakta ne, mamba ne a ƙungiyarmu, kuma babu bulala a makarantarsa.

Ba za mu ce marigayi ba shi da aibu ba, don shi kansa ba ya son yabon da babu gaskiya a ciki. Mutum ne mai taurin kai, idan ya kafe a taro sai an gaji an bar masa. Kuma duk roƙon da muka sha yi masa a kan hular kwano bai ji ba. Yakan rataye ta a ƙahon moto, ya ce tana hana shi jin gaisuwar mutane a hanya. A ranar Alhamis ma a can take rataye.

Ga abin da ya faru a ranar. An yi taron daraktoci na farkon shekarar karatu a Mayahi, aka raba littattafai da alli. Ni mai sa hannu a wannan takarda ni na kama masa muka ɗaure kwalayen a bayan motonsa, na kuma nemi ya kwana a gidana saboda kayan sun yi nauyi, ya ce yana da aji da safe. Da ya kusa Gawo-Biyu, a daidai inda burtali ya ratsa hanya, ya tarar da garken shanu na tsallakawa. Ya rage gudu. Wani ɗan bijimi ya juyo baya ba zato, marigayi ya kauce masa, tayar gaba ta nutse cikin rairayi, nauyin kaya ya rinjaye shi, ya faɗi, kansa ya bugi kututturen da ke gefen hanya.

Mai kiwon shanun shi ne Malam Yahaya, ƙanen Arɗo Sha'ibu, magidanci mai 'ya'ya a wannan makaranta. Ya jefar da sandarsa, ya warware rawaninsa ya ɗaure kan marigayi, ya yi ta kururuwa har wani mai amalanke da ya ɗauko dammunan gero daga wani ƙauye ya tsaya. Suka zubar da geron a ƙasa, suka ɗora shi, suka kai shi ƙaramar likitar da ta fi kusa. Majon wurin, wato babban ma'aikacin jinya, ya ga abin ya fi ƙarfinsa, ya kira mota daga Mayahi, Malam Yahaya ya shiga motar yana tallabe da kan marigayi a cinyarsa har suka iso. Da na isa likita na same shi tsugune a bakin ɗaki, rigarsa jina-jina, ko takalmi babu a ƙafarsa. Mai amalanke da majo duk sun ba da shaidarsu gaban jandarma, kuma bakinsu ya zo ɗaya.

Shanun da aka bari babu makiyayi kuwa suka yi abin da dabba ke yi: suka faɗa gonar waken Malam Yasin da ke bakin hanya, wadda ba a riga an roro ba. Mutanen da ke dawowa daga gona suka tarar da moton darakta a kwance, jini a ƙasa, sandar makiyayi a yashe kusa da jinin, shanu cikin wake, mai shanu kuma babu shi babu labarinsa. Ba mu zargi wanda ya ga wannan ya tsorata ba. Wanda muke zargi shi ne mutumin da bai ga komai ba, ya ɗauki waya ya naɗi murya yana rantsuwa cewa darakta ya tsaya hana ɓarna ne makiyaya suka rotsa masa kai suka gudu. Kafin gari ya waye wannan murya ta isa Tasawa, ta isa Maraɗi, ta isa wayoyin 'yan ci-rani a ƙasashen waje.

Da safiyar Juma'a Allah Ya ba marigayi sauƙi na ɗan lokaci, ya buɗe ido, ya gane mutane. A ɗakin akwai maiɗakinsa, da ma'aikacin jinya, da ni. Ban gaya masa abin da ake faɗa a gari ba, amma mutumin da ya yi shekaru yana zaune tsakanin gona da garke ba ya bukatar a gaya masa. Ya kama hannuna ya ce, "Abdulmumini, ka gaya ma mutanen gari ba wanda ya taɓa ni. Rairayi ne da nauyin kaya. Yahaya ko shanunshi ya bari ya ɗauke ni." Sannan ya tambaya, "To wa ke tsare da shanun?" Muka ce an tattara su. Ya ce a aika a kwashe littattafan daga bakin hanya kafin gara ta same su. Bayan wannan bai ƙara wata magana ba sai kalmar shahada, wadda maiɗakinsa ta riƙa laƙƙana masa yana maimaitawa. Wannan shi ne abin da kunnena ya ji, kuma a shirye nake in maimaita shi a gaban kowace hukuma, da Alƙur'ani a hannuna.

An isar da wannan wasiyya a bakin kabari, Liman ya faɗe ta da babbar murya, Maigari ya maimaita. Mafi yawan jama'a sun ji sun karɓa. Amma wasu matasa, akasarinsu daga ƙauyukan kewaye, waɗanda muryar waya ta riga ta cika masu kunne, suka ce an rufe gaskiya ne don a kare makiyaya. Kafin magariba suka nufi ruga, suka cinna wa bukkokin da ke gefe wuta. Allah Ya kiyaye babu wanda ya rasa ransa, amma hatsi da shimfiɗa da kayan ɗakin mata sun ƙone, mata da yara sun kwashi abin da ya saura sun koma tudun da ke can arewa, inda suke kwana a fili har yanzu. Malam Yahaya yana hannun jandarma, ba don ana tuhumarsa ba, sai don a tsare ransa. Mutumin da ya yi aikin alheri yau ba ya iya takawa zuwa gidansa. Mun kuma samu labarin cewa wasu samarin makiyaya daga nesa suna aiko da saƙon cewa wutar ba za ta tafi a banza ba. Ga kaka ta yi, amfanin gona na tare a fili, garkuna na gangarowa daga arewa, ranar kasuwa kuma na tafe jibi. Duk mai hankali ya san abin da ƙyastu ɗaya zai iya yi a irin wannan lokaci.

Da safiyar yau Litinin, Malama Fadimatu, mataimakiyar marigayi, ta buɗe makaranta kamar yadda ya saba. Babu ɗan ruga ko ɗaya da ya zo. 'Ya'yan gari ma iyaye mata sun riƙe fiye da rabinsu a gida saboda tsoron ramuwa. Ta ce mana yaran da suka zo sun zauna kowa ya bar gurbin abokin zamansa, ba wanda ya matsa ya cike shi, ita kuma ta kasa fara darasi. Aikin da bawan Allah ya yi shekaru yana ginawa da ƙafarsa da haƙurinsa, ga shi yana neman rushewa tun ƙasar kabarinsa ba ta bushe ba, kuma da sunansa ake rushe shi.

Saboda haka ƙungiya, da murya ɗaya, tana kira ga duk wanda waccan murya ke cikin wayarsa da ya goge ta, wanda ya tura wa wani kuma ya bi ta da wannan bayani, domin wanda ya yaɗa ƙarya yana da kaso a cikin duk abin da ta haifa. Muna roƙon Masu Girma limamai da su karanta wannan saƙo bayan salla, gidajen rediyon yankin kuma su watsa shi da Hausa da Fulatanci. Muna roƙon hukumomin kwamin da jami'an tsaro su sa ido a ranar kasuwa, su kuma bi diddigin wanda ya naɗi muryar da waɗanda suka kunna wutar, a hukunta kowa gwargwadon abin da hannunsa ya aikata, ba tare da an shafa wa garinsu ko danginsu laifin ba. Ga samarin makiyaya muna cewa: an zalunce ku, mun gani, mun kuma faɗa a fili, amma gonar da za ku taɓa ta wanda bai ji ba bai gani ba ce, ku bar maganar a hannun Arɗo da hukuma.

Muna yaba wa Malam Yasin, mai gonar da shanu suka shiga, wanda duk da asarar waken da yake sa ran ciyar da iyalinsa, ya miƙe a fadar Maigari ya ce, "Wake dai an ci, kuma za mu zauna a kanshi yadda aka saba. Amma in da ni ne na faɗi a hanyar nan, ina so mai shanu ya tsaya tsaron shanu, ko ya ɗauke ni?" Maigari da Arɗo sun amince za a duba ɓarnar bisa al'ada bayan an share makoki. Haka ya kamata maganar gona ta tsaya a matsayin maganar gona.

A nata ɓangaren, ƙungiya ta yanke cewa makarantar Gawo-Biyu ba za ta rufe ba. Da izinin Mai Girma ansifekta, Malama Fadimatu za ta riƙe ta har a naɗa sabon darakta, kuma daga gobe daraktoci biyu, ɗaya daga gundumar Tasawa ɗaya daga ta Mayahi, za su riƙa zuwa bi da bi, su taka har tudun da jama'ar ruga suke, su rako yaran zuwa aji, su mayar da su in an tashi, har ranar da iyaye za su ce sun natsu. Mun san ba mu da sanda, ba mu da bindiga, kuma ba mu da tabbacin cewa Arɗo zai sake ba da 'ya'yansa bayan abin da ya gani. In ya ƙi ba za mu ga laifinsa ba. Za mu je dai, mu kuma koma washegari.

Daga ƙarshe, akwai saƙon da maiɗakin marigayi, Malama Zara'u, ta ɗora mana, ta kuma ce kada mu canza ko kalma ɗaya. Jiya Lahadi, ana sadakar uku, gida cike da jama'a, sai ga Inna Aminatu, uwargidan Arɗo, tsohuwa mai dogara sanda, ta shigo gari ita kaɗai da ƙwaryar nono a ka, bayan 'ya'yanta sun yi ta roƙon ta kada ta je. Ta ratsa taron maza a ƙofar gida, wasu suka kau da kai, wani ma ya yi tsaki. Da labari ya isa ciki, Malama Zara'u, wadda take cikin takaba, ta taso har tsakar gida, ta sauke mata ƙwaryar da hannunta, ta zaunar da ita a kan tabarmarta, suka yi kuka tare. Bayan haka ta sa aka kira ni bakin ƙofar ɗaki, ta ce daga bayan labule: "Malam Abdulmumini, ka rubuta ka gaya masu. Na gode ma duk wanda ya zo mani gaisuwa. Amma wanda ya san hannunshi na cikin wutar nan, kada ya zo ya ce mani Allah Ya ji ƙan Mushe. Ya tafi ya sari kara, ya kafa ma matan nan bukkokinsu, in ya gama ya zo, ni da kaina zan ba shi ruwa ya sha." Ga shi mun isar.

Muna roƙon Allah Mai rahama Ya gafarta wa Malam Yusha'u Ƙadri Maijirgi, Ya yalwata kabarinsa, Ya sanya kowane harafi da ya koya wa ɗan wani a cikin mizaninsa, Ya sa Aljanna Firdausi ce makomarsa. Allah Ya ba Malama Zara'u da 'ya'yanta da dukkan dangi haƙurin wannan babban rashi, Ya raya abin da ya bari, Ya tsare su daga wulaƙancin duniya. Allah Ya mayar wa waɗanda aka ƙona wa dukiya da mafi alheri, Ya mayar da Malam Yahaya cikin iyalinsa lafiya, Ya sanyaya zukatan manoma da makiyaya, Ya sa a kwashe amfanin bana ba tare da an zubar da jinin kowa ba. Idan tamu ta zo, Allah Ya sa mu cika da imani. Amin.

Sa hannu:
Malam Abdulmumini Sharifu Mayahi
Kakakin Ƙungiyar Zumuncin Daraktocin Makarantun Firamare ta Gundumomin Tasawa da Mayahi,
a madadin Shugaba da Kwamitin Zartarwa.